Hotunan Yaya da Aka Ƙone a Bayan Rumbu

Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma, da wanda aka girmama da wanda aka wulaƙanta. Yaya ya koma ranar wata Laraba, ana cikin girbin gero, muka kai shi makwancinsa kafin azahar. Ina ce masa Yaya ne don ya girme ni, amma ba mu haɗa jini ba. Abokina ne tun muna yawo da bante a tsohon gari. Ni tela ne, rumfata tana bakin hanyar Kaduna a nan Birnin Gwari, kuma ban iya wannan rubutu ba sai da furfura ta fito mini, a ajin yaƙi da jahilci. Abin da na gani a zaman makokinsa shi ya sa na ɗauki fensir, don in na bar shi a cikina zai ruɓe.

Zaure ya cika har waje. Mutanen da suka yi shekaru ba su taka ƙofar gidan ba, su ne suka kama gaban tabarma. Ƙanensa na wajen uba ya zauna a kan buzu a tsakiya, ya sha rawani, yana karɓar gaisuwa da murya mai rawa. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Uba na rasa, ba wa ba." Mutumin nan da kunnena na ji shi yana kiran Yaya kukun Nasara a tsakiyar kasuwa.

Wani mai sayar da gishiri da ke zaune kusa da ni ya shafa fatiha, ya ce, "Mutumin kirki ne, ba don akwatin hoton nan nasa ba."

Na gefensa ya ce, "Ai shi ya ci shi. An ce maganin da ke ciki ne ya shige masa ƙirji."

Wani kuma ya sassauta murya ya tambaya ko za a sayar da akwatin. Daga nan hira ta koma kan gyaɗa. Da aka fito da fura sai ludayi ya yi ta karo da ludayi, wani ya gama ya goge hannunsa a bakin tabarmar da Yaya yake salla a kai. Daga cikin gida kuwa kukan mata yakan tashi duk lokacin da sabuwar baƙuwa ta yi sallama, ya lafa da zarar ta zauna. Matarsa, wata Banufiya da ya zo da ita daga kudu, ita kaɗai ce ba ta yi kuka ba, kuma kafin la'asar maganar ta iso zaure, wai ko hawaye babu. Ita ce ta yi damina guda tana wanke tsumman da yake tari a ciki. Masu ƙirga mata hawaye ko ruwan zafi ba su taɓa aiko masa ba.

Waɗanda mutuwar ta taɓa da gaske suna waje, gindin tsamiya: wasu Gwarawa daga wajen Kusasu, da wani kuturu da yake zama a bakin kasuwa. Babu wanda ya miƙa musu ko ruwa sai da na tashi da kaina.

Bari in faɗi ko wane ne aka binne, tunda su ba su sani ba.

Muna samari wani Bature mai awon ƙasa ya sauka a tsohon gari, aka ce kowace unguwa ta ba da 'yan dako. Yaya yana cikin waɗanda aka nuna. Na raka shi har bakin rafi, yana ɗauke da akwatin kwanuka a ka, ya ce mini in kula masa da tarkonsa na zomo, zai dawo kafin shuka. Sauran suka dawo, shi bai dawo ba. Wasu suka ce zazzaɓi ya kashe shi a hanya, wasu suka ce ya bi Baturen. Mahaifinsa ya rasu, aka raba gona, aka lissafa shi cikin matattu. Ni ma na yi aure, na haifi 'ya'ya, na aurar da su, na daina tambayar fatake labarinsa.

Sai bayan yaƙin nan da aka kwashi samari zuwa ƙetare, na je cin kasuwar Kutemeshi da 'yan riguna. Na ga mutane sun yi da'ira a gefen 'yan doya. Na kutsa. Wani tsoho ne da guntun kwat na kaki a kan taguwa, ya riƙe wani baƙin akwati a kan cikinsa, ya sunkuya yana leƙa wani ɗan madubi a samansa. A gabansa wani maharbi yana tsaye ya ƙame. Tsohon bai ɗago ba ya ce, "Malam, matsa, inuwarka ta faɗa mini a kan mutum."

Muryar ce ta fara isa gare ni. Sannan na ga tabon da ke haɓarsa, inda gemu ya ƙi fitowa.

Na ce, "Wanda ya faɗo daga kan kanya ya fasa haɓa, har yanzu bai koyi ladabin magana ba?"

Ya ce, "Tsaya in gama." Ya danna wani ƙarfe, akwatin ya yi ƙas. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Kai ne ka girgiza reshen."

Muka zauna a ƙasa a nan cikin ɓawon doya. Ya kama hannuna bai sake ba har kasuwa ta fara watsewa. Riga ko ɗaya ban sayar ba ranar. Ya ba ni labari a taƙaice, don shi ba mai son tona baya ba ne: daga dako ya koma wanke kwanuka, daga nan ya zama kuku, ya bi iyayengiji daga Zungeru zuwa Lokoja zuwa Ikko, har ƙafa ta gaji. Na ce to me ya hana shi nemana da ya dawo. Ya ce ya iso gari tun bara, ƙanensa ya tsayar da shi a ƙofar gida ya ce babu ɗaki, gona kuma an riga an raba. Da ya tambayi labarina, sai ƙanen ya ce ai na mutu a shekarar sanƙarau. Rumfata kuwa daga ƙofar gidan nan ko kira aka yi zan ji.

A ranar ya kai ni bukkar da yake zaune, ya ce wa matarsa ta fito da adaka. Kafin ya buɗe sai da ya wanke hannu, ya sa ni ma na wanke. Ni dai a lokacin hoton da na taɓa gani bai wuce na Sarkin Ingila da ke rataye a ofis ba. Ya riƙa miƙo mini su ɗaya ɗaya, ƙanana ne, ba su kai tafin hannu ba. Na ga jirgin ruwa a Lokoja, na ga gadar jirgin ƙasa, na yi mamaki yadda ake mamakin abin da ba a sani ba. Amma sai ya zo kan na ƙasarmu. Ga mata suna su, wato kamun kifi, a rafi, ruwa ya kai musu gwiwa, ɗaya ta juya tana dariya da wani abin da bai shiga hoton ba, har ka ji kana son sanin mene ne. Ga hannuwan wani maƙeri kawai, babu fuska, amma na gane shi da yadda yake riƙe awartaki. Ga ƙofar ganuwar tsohon gari, saiwar ceɗiya ta tsaga ta biyu. Tun ina yaro nake wucewa ta wannan ƙofa, amma ban taɓa ganinta ba sai ranar.

Akwai wani da ya fi tsaya mini. Wani mai unguwa ne cikin riga, kuma da na duba sai na ga ɗinkina ne. Na kai hoton bakin ƙofa inda haske yake, na ga kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Na ce, "Yaya, wannan akwatin naka ba shi da kunya." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ba ya ƙari, ba ya ragi. Shi ya sa ba kowa ke sonsa ba."

Kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yaya ba gwani ba ne irin masu shago a Kaduna. Akwatin wani ubangidansa ne ya yar, wani mai ɗaukar hoto, mutumin ƙasar Saro, a Lokoja ya gyara masa ya nuna masa yadda ake sa fim. Hotunansa da yawa sun yi duhu, wasu sun yi hazo, wasu kuma kan mutum ya yanke. Bai taɓa zubar da ko ɗaya ba. In na nuna masa marar kai sai ya ce, "Shi ma mutum ne, kansa ne kawai bai samu shiga ba." Yana da rowar fim, sai ka roƙe shi wata da watanni bai ɗauke ka ba, sannan ka tarar ya ɓata guda a kan suri ko wani busasshen itacen maɗaci a daji. Yana da kaifin baki. Yana cin tuwo da cokali, abin da ya sa yara suke leƙa shi ta zana. Kuma in ya tsayar da kai a rana sai ka yi gumi, yana duban sama yana cewa, "Dakata, rana ba ta yarda ba tukuna."

Na dawo da shi gari. Liman ya sa baki aka yanka masa ɗan gefen gonar mahaifinsa, wurin da ya fi tsakuwa. Ya gyara wani kango ya zauna. Ya rataya amya a itatuwan bakin daji, kuma da zumar yake ciyar da akwatin, don bai taɓa karɓar komai a hannun wanda ya ɗauka ba. In fim ya cika yakan kawo rumfata, in ba wani direban babbar mota ya kai wa wani Bayarabe mai wankin hoto a Kaduna. Ranar da hotuna suka dawo, a kan teburin yankana muke shimfiɗa su, in ajiye almakashi, mu yi ta gardama kan wanda ya fi kyau. Waɗannan ranaku su ne mafi daɗin tsufana.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ya ɗaukar mutum sai ya tambaye shi, kuma sai ya ba shi lokaci ya kintsa. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Gyara hularka, jikokinka za su gani." Kuturun nan na bakin kasuwa yana da 'ya da aka aurar can wajen Funtua, ta yi shekaru ba ta gan shi ba. Wata rana ya kira Yaya ya ce yana son a aika mata da kamanninsa, amma ba a cikin waɗannan tsummoki ba. Yaya ya je gida ya ɗauko rigarsa ta Juma'a da hularsa, ya sa masa da hannunsa, ya ja hannun rigar ya rufe masa dungulmin, ya zaunar da shi a kan kujerata. A hoton sai ka ce wani attajiri ne. Da Juma'a ta zagayo Yaya ya sa rigar nan ya tafi masallaci. Mutane suka dare masa a sahu, aka bar fili hagu da dama. Ya dube su ya ce, "Madalla, yau zan yi sujada a sake."

Sau ɗaya tak ya karya ƙa'idarsa, kuma shi ne mafarin abin da ya biyo bayan mutuwarsa.

A shekarar da aka shata wani yanki na daji aka ce ya zama na gwamnati, akwai wata 'yar unguwar Gwarawa a gindin dutse da iyaka ta haɗiye. Aka ce su tashi. Ƙanen Yaya a lokacin shi ne ɗan rakiyar Baturen daji, shi ke nuna hanya, shi ke tafinta. Yaya yana da amya a kusa da wurin, ya san mutanen, ya ce in raka shi mu taya su kwashe kaya. Muka tarar an riga an cinna wa bukkokin gefe wuta. Mata sun ɗora kaya a kafaɗa yadda suka saba, tukwane da taskira da 'ya'ya a baya. Baturen ya zo da nasa akwatin hoto, mai walƙiya. Ya ce a tsayar da matan. Ya yi magana, ƙanen Yaya ya juya ya ce musu su sauke zannuwansu zuwa ƙugu, wai haka Bature yake son su fito, kamar mutanen da. Wata tsohuwa ta ƙi. Ya miƙa sandarsa ya ɗaga bakin zanenta da ita, yana dariya yana duban ubangidansa ko shi ma zai yi dariya.

Na ji ƙas a bayana. Yaya ne, ya riƙe akwatinsa a ciki. Ba matan ya ɗauka ba. Ya ɗauki Baturen ya sunkuya a kan nasa akwatin, da ƙanensa da sanda a hannu, da hayaƙi a bayansu. Matan sun ba shi baya, babu fuskar ko ɗaya.

Sannan ya taka har gaban ƙanen ya ce, "Kakarka ta wajen uwa daga gindin dutsen nan aka auro ta. Ni na san ta, ta sha ba ni gasasshiyar doya. Da tana nan yau ita ma za ka ɗaga mata zane?"

Ƙanen ya ce, "Kai da ka gama tsufa kana wanke musu kwano, kai ne za ka yi mini wa'azi?"

Yaya ya ce, "Na wanke kwano. Ban taɓa tuɓe musu uwar kowa ba."

Ya juya ya yi wa Baturen magana da Turancinsa na madafa. Ban san me ya ce ba, kuma bai taɓa gaya mini ba, amma na ga wuyan Baturen ya yi ja, ya rufe akwatinsa. Ba a fasa tashin unguwar ba. Bayan kwanaki kaɗan aka sassare amyoyin Yaya duka, aka ce suna cikin dajin gwamnati. Hoton kuwa ya fito tsaf, ya fi kusan duk waɗanda ya taɓa ɗauka fitowa. Bai yi yawo da shi ba, bai nuna wa kowa ba sai ni da matarsa. Ya ce ba don tonon asiri ya ɗauka ba, don dai kada wata rana a ce ba a yi ba.

Tarin ya tsananta masa a farkon daminar bana. Duk da haka sai da ya lallaɓa ya shiga daji da akwatinsa sau biyu ko uku, kafin ƙafa ta ƙi. Ina zuwa kullum bayan la'asar in zauna da shi. Bai yi doguwar wasiyya ba. Ya ce wa matarsa kawai, duk wanda ya zo neman fuskarsa a ba shi.

Ranar sadakar uku, ana gama addu'a, ƙanen ya gyara murya ya ce malamai sun ce hotunan nan nauyi ne a kan mamaci, sai an ƙone su zai samu sauƙi a kabari. Aka juya ana duban liman. Liman ya ce, "Ni dai ban faɗa ba. Ku bar wa baiwar Allah kayan mijinta har a zo rabon gado." Amma liman tsoho ne, ya ɗauki sandarsa ya tafi gida. Kowa a zauren ya san ainihin maganar. Yanzu zamanin ƙuri'a ne, ƙanen yana neman kujera a majalisa, yana bin ƙauyuka, har da na Gwarawa, yana ce musu shi ɗansu ne. Kowa ya sani, kuma kowa ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, a sauƙaƙa wa mamaci.

Aka shiga har ɗakin mai takaba aka jawo adakar, aka kai bayan rumbu aka kifar. Ban taɓa ganin abin ƙyama irin wanda ya biyo baya ba. Dattawa masu gemu suka durƙusa suna tona tarin kamar kaji a juji, kowa yana neman fuskarsa. Bakinsu yana a'uzubillahi, hannunsu yana cusa hoto a cikin hula. Mai gishirin nan ya samu nasa, ya hure shi, ya sa a aljihu, sannan ya taka fuskar matan da ke su a rafi da takalminsa ya koma gefe yana jan carbi. Ƙanen ya tona har ya samu wanda yake nema. Ya dube shi sau ɗaya, ya murƙushe, ya jefa shi farko cikin karan da aka kunna. Akwai wani hoton nasa da Yaya ya ɗauka tun kafin rigimar, ranar sunan 'yarsa, cikin babbar riga. Wannan na ga ya zura shi cikin rawani.

Na ce, "Ku ji tsoron Allah. Akwai na mutanen da suka mutu a nan, 'ya'yansu ba su da wani abin da za su duba."

Ya ce, "Kai tela, me ya haɗa ka da gidanmu?"

Samari biyu suka riƙe ni. Ni tsoho ne, ba a sha wahalar riƙe ni ba. Aka zuba sauran. Hotunan suka riƙa nannaɗewa, fuskoki suna kumbura suna baƙi. Da wuta ta kai ga baƙaƙen fim ɗin da yake ajiyewa a ƙasan adaka sai ta tashi sama da wani irin wari mai shiga maƙogwaro. Daga bayan zana matarsa ta yi magana, karo na farko tun ranar mutuwar, da Hausarta mai nauyi. Ta ce, "Adakar tawa ce. Daga gidanmu na zo da ita. Ku ajiye mini." Wani ya tura mata ita da ƙafa.

Da suka sake ni na zagaya bayan danga na yi amai. Ina jin su sun koma zaure, an fito da waina. Ban sake shiga gidan ba sai don gaida ita, kuma daga bakin ƙofa. Akwatin hoton yanzu yana zauren ƙanen, ya ɗora shi a kan taga. In baƙi 'yan boko suka zo yakan nuna musu ya ce na yayansa ne, mutum ne mai ilimin zamani, gidansu tun da can gidan wayewa ne.

Bayan an yi arba'in direban nan ya tsaya a rumfata ya miƙo mini wani ɗan ƙunshi. Ya ce ya daɗe a wurin Bayaraben, motarsa ce ta lalace bai samu zuwa ba. Fim ɗin ƙarshe ne, wanda Yaya ya ɗauka a daji da farkon damina. Biyu sun lalace sam, hannunsa ya riga ya fara rawa. Na kai wa matarsa sauran. Ta dube su ta cikin labule ta mayar mini, ta ce in riƙe a wurina, gidan nan ba wurin ajiya ba ne, kuma in masu su sun zo in ba su.

Ana cikin yankan dawa wani dattijon Bafulatani ya tsaya a bakin rumfata, da sanda da malfa. Ya yi sallama, ya ce an ce masa nan ne ake samun labarin mai akwati. Na gaya masa Allah ya yi masa rasuwa. Ya yi masa addu'a, ya juya zai tafi. Sai kuma ya tsaya ya ce, da farkon damina mai akwati ya zo rugarsu a bakin daji, ya sha nono, ya ɗauki wani yaro na wurinsu, ya ce a zo a karɓa bayan kaka. Ya ce ba komai, dama tambaya ce.

Na fito da hotunan na shimfiɗa a kan tebur. Akwai wani saurayi dogo, ya gitta sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwa a kai, shanu a bayansu sun yi hazo amma shi ya fito sarai. Ya gyara hularsa, ta zauna daidai. Dattijon bai taɓa hoton ba. Ya jingina sandarsa, ya goge hannuwansa a riga, sannan ya ɗauka ta gefe-gefe.

Na ce, "Shi ne?"

Ya ce, "Shi ne. Ruwa ya tafi da shi da tsakiyar damina, yana ƙetarar da shanu. Ba mu samu gawar ba."

Na yi masa gaisuwa. Na tambaye shi ko ɗan ɗan'uwansa ne, don yadda yake cewa wani yaro.

Ya ce, "Ɗan fari ne." Ya dubi hoton. "Ka san mu. Ba a kiran sunansa, ba a zama a kalle shi. Tun da aka haife shi ban taɓa tsayawa na dubi fuskarsa sosai ba."

Ya matsa bakin rumfa inda haske yake, ya ba ni baya. Na koma kan kekena na zauna ban taka ba. Ya daɗe a tsaye. Can na ji ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe idon innata ne da shi."

Ya naɗe hoton a cikin wani farin ƙyalle da na yanka masa, ya sa a cikin rigarsa ta wajen ƙirji. Sannan ya ce in ba zai zama wahala ba, in nuna masa inda aka kwantar da mai akwati. Na rufe rumfa da rana tsaka na kai shi.

Ya Allah Ka yalwata wa Yaya makwancinsa, Ka haskaka masa shi, Ka yafe masa kaifin bakinsa, Ka ba matarsa haƙuri da hanyar komawa gida lafiya. Waɗanda suka tona tarin nan a bayan rumbu kuwa, na san ya kamata in roƙa musu shiriya. Na gwada, bakina bai buɗe ba tukuna.